Harafi guda da anka goge: daga Lougou zuwa Lugu, daga Ɗahiru zuwa ahiru

 

Yau da ɗan wasa za mu fara. Kowa ya samu takarda da bik, ya rubuta sunan garin Sarauniya yadda Nasara ya bar muna shi bisa taswira: Lougou. To, ku soke duk wani "o" da ke ciki. Me ya rage? Lugu, daidai yadda kakanninmu ke faɗi. Ku gwada da Mangou, ya koma Mangu. Ku gwada da Toungouma, dutsen nan na Lugu da ake zuwa wurinshi neman gaskiya, ya koma Tunguma. Maouri ya koma Mauri, Daouda ya koma Dauda. Mutum sai ya ce shi ke nan, an samu maganin rubutun Faransanci: a ba kwamfuta umarni guda, ta bi takardunmu kaf ta share "o", sunayenmu su dawo gida.

A dakata tukuna. Ku rubuta Dosso, ku soke "o". Saura Dss. Ku rubuta Dogondoutchi, sai ga Dgndutchi. Zongo ya koma Zng. Ko mutum zai tauna harshe ba ya iya kiran su. Umarnin da ya gyara Lugu shi ne ya rushe babban birnin jiharmu, don shi umarnin bai san Lugu ba, bai san Doso ba. "O" kaɗai ya sani, kuma duk inda ya gan shi sai ya ɗauke.

Wanga umarni na "cire harafi kaza duk inda ya fito" yana cikin abubuwan farko da ake koya wa mai koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ni sana'ata buga takardu: listin ƙungiyoyin manoma, na matan asusu, sanarwar aure da ta suna, wasiƙun neman aiki. Na kuma koyi ɗan abin da ya samu na rubuta manhaja. Cikin aikin nan na ga inda umarnin ke sauƙaƙa wa mutum wahalar yini guda, na kuma ga inda ya hana bawan Allah abincin gidanshi. Shi ya sa nake so mu duba shi tare, har waɗanda ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, don sunan kowa a cikinmu yana kwance cikin wata na'ura a wani biro.

Ga yadda abin yake aiki. Kwamfuta ba ta karatu irin namu. Kowane harafi lamba ne a wurinta: ƙaramin "k" shi ne 107, ƙaramin "o" 111, babban "O" kuma 79. Ko filin da ake bari tsakanin kalma da kalma yana da lambarshi, 32. In ka ce ta cire "o", sai ta bi rubutun daga farko har ƙarshe, harafi bayan harafi, tana tambaya guda: kai ne 111? In shi ne, ta tsallake shi. In ba shi ba ne, ta kwafe shi gaba. A harshen kwamfuta da ake kira Python, layi ɗaya ne:

suna.replace("o", "")

Ma'anarshi, a musanya "o" da babu. A Excel na Faransanci, wanda shi ne a mafi yawan birorinmu, SUBSTITUE ke wannan aiki, ko kuwa a danna Ctrl da H a zaɓi maɓallin musanya duka. Harshen JavaScript, wanda shafukan intanet ke aiki da shi, yana da nashi hali: umarninshi na replace na farko kaɗai yake cirewa ya bar saura, sai a 2021 anka ƙara mishi replaceAll mai kwashe duka. Kuma tun da babban harafi da ƙarami lambobinsu daban, in ka cire "o" daga Oumarou abin da za ka samu Oumaru ne, na farkon yana nan zaune daram.

Amfanin umarnin a fili yake. Lambar waya a Nijar ƙwaya 8 ce, mun saba rubuta ta bibbiyu da fili a tsakani. Na'urar da ke tura saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda tana son ta a haɗe. In listi ya kai mutum 500, wa zai zauna yana goge fili ɗaya bayan ɗaya? Sai a rubuta =SUBSTITUE(A2;" ";"") a ja shi ƙasa, kafin shayi ya tafasa an gama. Filin nan ado ne kawai, ba ya ɗauke da komai, cire shi bai rage wa lambar ko ƙwaya ba.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da abin da anka cire yake ɗauke da kaya. Ku ɗauki waƙafi cikin lissafi. Ɗan kasuwar Kangiwa ko Birnin Kabi zai rubuta naira 25,000 da waƙafi don raba dubbai. Cire waƙafin bai canza komai ba, 25000 ne. Amma mu da munka yi lakwal ta Faransanci, waƙafi a wurinmu shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta: tan 12,5 na wake, wato sha biyu da rabi. In listin mai sayen wake ya haɗa rubutun ɓangarorin iyaka biyu, anka share waƙafi baki ɗaya, sha biyu da rabi ya zama 125. Alama guda, aiki biyu, umarni kuwa bai tambaya. Manomin Arewa ya san irin wagga rigima a gona: shibra da gero tun suna ƙanana kamarsu ɗaya, in ka sa ɗan ƙodago da bai san su ba ka ce ya tuge duk mai ganye kaza, sai dai ka yi haƙuri da abin da ka tarar.

Yanzu mu zo kan namu na gida, haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba ado ba ne, kuma ba jiya anka ƙirƙiro su ba. Malamanmu na ajami tun da can sun raba "da" da "ɗa", suna rubuta na biyun da harafin da almajirai ke kira ɗa mai hannu, "ƙa" kuma da ƙaf. Shi ya sa sunayen da munka samo daga Larabci irin su Ɗahiru, Faɗimatu, Ƙasimu, Ruƙayya da Yaƙubu duk suna da ƙugiya a boko. Turawan farko da sunka rubuta Hausa da haruffan boko ɗigo suke sawa ƙarƙashin harafi. Cikin shekarun 1930 ne masu ƙugiya sunka samu gindin zama a Zariya, garin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1978 anka sake wani zama a Yamai kan haruffan harsunan Afirka. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasarmu. Bambanci guda da ya rage tsakaninmu da Najeriya wanda kowa ke gani shi ne, mu muna rubuta ƴaƴa da ƴ, su kuma suna rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafin sama.

Ita kwamfuta a Amurka ta girma. Tsarin lambobin da anka yi mata a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 gare shi, daga 0 zuwa 127, iyakar abin da Ingilishi ke bukata. Ko "é" na Faransanci bai samu wuri ba. A 1991 anka fito da babban tsari mai suna Unicode don ya ɗauki rubutun duniya duka, kuma haruffanmu suna ciki tun farkon shekarun 1990: ƙ lamba 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Ke nan sama da shekara 30 ke nan da kwamfuta ta san su. Sai dai har gobe akwai tsofaffin manhajoji, da masu rubuta manhaja da ba su son wahala, waɗanda ke wanke rubutu su mai da shi ASCII kafin su adana.

Wankin nan akwai wata hanya da ta yaɗu ƙwarai, mataki biyu gare ta. Mataki na farko, a raba harafi da hularshi: "é" ya rabu gida biyu, "e" daban, ɗan ƙahon da ke bisanshi daban. Mataki na biyu, a zubar da duk abin da lambarshi ta wuce 127. Ga Faransanci abin yana tafiya lafiya lau, hula ta faɗi, "e" ya tsira, Douméga ya koma Doumega, kowa ya gane. Amma ƙ ba ya rabuwa. Unicode ya ɗauke shi cikakken harafi mai zaman kanshi, kuma gaskiya ce, haka yake. To da yake ba hular da za a tuɓe mishi, mataki na biyu sai ya kwashe shi ɗungurungum. Ƙasa ba ta koma kasa ba, asa ta koma. Ɗankasari ya zama ankasari. Baƙo ya zama Bao, Yaƙubu Yaubu, Faɗimatu Faimatu, Ɗahiru kuwa ahiru. Wanda ya rubuta manhajar ya gwada ta da sunayen Faransanci, ya ga ta yi kyau, ya tafi ya kwanta.

Na ga wanga abu da idona wata shekara da damina ta gaza. Kwamitin wani ƙauye can wajen Lugu ya kawo mini sunayen magidanta a littafi, da Hausa tsantsa, don magatakardansu a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu, kuma ya koye shi da kyau, kowace ƙugiya tana wurinta. Na buga yadda ya rubuta, anka aika wa wata ƙungiya da za ta raba iri. Ranar rabo listi ya dawo a buge, jere bisa tsarin abacada. Duk mai sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ ya tashi daga wurinshi ya koma cikin masu A, da kai a yanke. Wani dattijo cikinsu ya tako tun asuba da jakinshi. Yaron da ke kira ya duba wajen D, ya sake dubawa, ya ɗago kai.

"Baba, sunanka bai ciki."

"Ɗana, duba dai da kyau. Ni da kaina na dangwala yatsa gaban maigari."

"Wallahi Baba na duba har sau biyu. Sai dai ka yi haƙuri."

Yaron bai yi ƙarya ba, kuma ba shi da ikon ba da buhu ga sunan da bai gani ba. Sai da anka ɗauko littafin kwamiti anka jera shi da listin, layi da layi, kana anka gane inda mutanen sunka shige. Kafin takardar gyara ta je ta dawo an yi ruwan shuka, maƙwabta sun shuka, shi yana jira. Babu wanda ya ci hakkinshi da gangan, babu wanda ya saci buhu. Wani ne can nesa, wanda bai taɓa jin sunan Lugu ba, ya rubuta layi biyu don listi ya yi tsabta.

Wani zai ce, ai mu kanmu kullum muna rubutu a waya ba ƙugiya, kuma muna fahimtar juna. Haka ne. In na rubuto maka "baki sun zo", ka san baƙi nake nufi, don baki ba ya zuwa. In na ce "kura ta tashi a kasuwa", za ka gane ƙura ce, da wuya ka ruga neman sanda. Amma "a kawo mini koko" fa, na sha ne ko ƙoƙon awo? A magana, kalmomin da ke gefe su ke ceton mai karatu. Suna cikin listi ba shi da maƙwabci da zai yi mishi shaida. Shi kaɗai ne a layinshi, in ya gurgunce ya gurgunce.

Kuma sharewa hanya ce mai tafiya ɗaya. Mai da ƙ ya zama k abu ne na ƙiftawar ido. Dawo da shi fa? In ka tarar da "kasa" a rubuce, kwamfuta ba ta da yadda za ta san ƙasar noma ce, ko kasa maciji, ko kasawa. In ka ce ta mai da kowane k ya zama ƙ, kare ya zama ƙare, kaka ta zama ƙaƙa, ka ƙara ɓata lamarin. Sunan Sarauniya ma misali ne. Ita ce ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai sunanta duniya da rubutun Sarraounia. Cire "o" daga ciki, ka samu Sarraunia: "r" ya yi yawa, "y" babu. Sharewa ba ta iya haifar da harafin da ba a rubuta ba tun farko. Sai wanda ya san sunan a bakinshi ya zauna ya rubuta shi daidai.

Sai alhamza, ɗan waƙafin saman nan da ke cikin Sa'idu, A'isha, jama'a, ma'ana, Ɗan'asabe. A Hausa baƙi ne cikakke, akwai tsayawar murya a wurin. Shi kuma laifinshi a wurin masu manhaja daban ne. A harshen da ake yi wa rumbun adana bayanai magana da shi, SQL, wagga alama ita ke nuna farkon zance da ƙarshenshi. In suna ya zo da ita a tsakiya, sai na'ura ta ɗauka zance ya ƙare, abin da ya biyo baya umarni ne. Ɓarayin intanet sun daɗe da gano haka, suna cusa umarninsu ta wannan ƙofa. Maganin ƙwarai sananne ne, a miƙa wa rumbun umarni daban, suna daban, yadda ba za su cakuɗe ba. Maganin malalaci kuwa, a share alamar duk inda take. Nan ne sanarwar da ɗan uwa ya rubuto daga Sakkwato, cewa marigayi ya bar 'ya'ya bakwai, ke komawa "yaya bakwai". Mutanen Ireland masu sunaye irin O'Brien sun sha wannan wahala shekara da shekaru, ba mu kaɗai ba ne.

Alhamzar ma kala uku ce a na'ura, ko da yake a ido kusan ɗaya suke: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda Word da wayoyi da yawa ke sawa da kansu, da wata ta musamman mai lamba 700. Ka share ta farko, biyun suna nan. Ka nemi Sa'idu da wadda ke wayarka, na'ura ta ce babu, alhali yana ciki da wata. Haka fili ma: lambobin da anka kwafo daga intanet irin 25 000 sau da yawa filin da ke tsakaninsu ba 32 ba ne, wani ne mai lamba 160. Mutum ya yi ta SUBSTITUE abu ya ƙi fita, har ya fara zargin aljanu. A Excel na Faransanci sai ka kira shi da CAR(160) kana ya fita.

Akwai kuma dalilin kuɗi, wanda ya kamata mu sani don mu yi wa masu sharewa adalci. Saƙon waya na SMS yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin ɗan jerin da anka tsara wa wayoyin GSM a Turai. "é" da "à" suna cikin jerin, ƙ da ɗ ba su ciki. Da zarar ƙ guda ya shiga, saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a guda, sai ya rabu uku, a biya kuɗin uku. Mai tura sanarwar allurar rigakafi ga dubban mutane dole ya yi wannan lissafi. Ban ga laifinshi ba in ya mai da ƙ ya zama k cikin saƙon. Inda nake da magana shi ne in ya jefar da harafin gaba ɗaya, ko ya bi asalin listin ya wanke shi ma. A WhatsApp da Facebook kuwa wannan uzuri babu shi, ƙugiya ba ta ƙara ko dala.

Ku duba fasfo, duk wanda ke da shi. Can ƙasa akwai layi biyu na na'ura, manyan haruffa A zuwa Z da lambobi da alamar < kawai, ba hula, ba alhamza. Amma sama, kusa da hoto, an bar wurin da ake rubuta suna don idon mutum. Tsarin da ya dace ke nan: kwafi guda don na'ura, asali kuma a bar shi yadda mai shi ya faɗa. A wasu ƙasashe har kotu ta shiga maganar. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels, a Beljiyam, ta ce wa wani banki dole ya rubuta sunan mai ajiya da hular harafinshi, ba ta karɓi uzurin cewa kwamfutar bankin tsohuwa ce ba. Mu kuma a Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk takardar da za a rubuta da Hausa a biro, ta makaranta ce ko ta likita ko ta magajin gari, sai ta ratsa ta cikin wata manhaja. In manhajar mai cin ƙugiya ce, abin da ya samu dattijon nan zai samu wasu.

To me za mu yi? Ga ƴan uwana masu buga takardu, da sakatarorin ƙungiyoyi, da samarinmu da ke koyon manhaja a Doso da Yamai, ga abin da aiki ya koya mini.

Na farko, kada a taɓa asali. A buɗe sabon layi na tsaye kusa da na sunaye, a yi wankin a can. Python da kanshi haka yake yi: replace ba ya canza rubutun da ka ba shi, sabo yake miƙo maka, na farko yana nan sai in kai ka danne shi da hannunka. SUBSTITUE ma a wani gida yake zuba amsarshi. Ctrl da H ne ke yanka a wurin, shi ya sa kafin a taɓa shi a ajiye kwafin takardar.

Na biyu, in dole ne a rabu da ƙugiya, a musanya, kada a share. Haruffa 8 ne kacal: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. A mai da su b, d, k, y da B, D, K, Y tun kafin rubutun ya isa wurin wanki. Dahiru ya fi ahiru sau dubu, ko banza yana nan wajen D inda za a neme shi.

Na uku, a faɗa wa na'ura daidai abin da ake nufi. In "ou" na Faransanci kake so ya koma "u", to ce mata ta musanya "ou" da "u". Da haka Lougou zai zama Lugu, Dosso kuma ba abin da zai same shi. Lambobin waya a wanke su su kaɗai, kuɗi su kaɗai, sunaye su kaɗai. Kada a ja umarni guda bisa takarda duka.

Na huɗu, a ƙirga kafin da bayan. Excel yana da NBCAR mai faɗin yawan haruffan da ke gida. In harafi guda ka musanya da harafi guda, tsawon suna bai kamata ya ragu ba. Duk layin da ya ragu, akwai abin da ya faɗi a hanya, a tsaya a duba.

Na biyar, a gwada da sunayenmu. Duk wanda ya kawo muku sabuwar manhajar rajista, kafin a zuba mata mutanen gari a ba ta Ɗan'asabe, Ruƙayya, Faɗimatu da Ƴar Baƙo, a ga yadda za su fito a takarda da cikin saƙon waya. Gwajin minti biyar ne.

Saura mu jama'a. Allon rubutu na Gboard da ke wayoyin Android yana da Hausa, in ka ƙara ta cikin harsuna haruffan nan za su samu. Ban ce kowa ya takura kanshi cikin hira da abokai ba. Amma sunan mutum da sunan gari, in za a aiko su don sanarwa ko rajista, a daure a rubuta su cikakku. In an buga listi a garinku, maigari ko kwamiti su nemi a karanta shi da ƙarfi gaban jama'a tun kafin ranar rabo, kowa ya ji sunanshi da kunnenshi. Wanda kuma anka ce mishi bai ciki, kada ya juya nan take. Ya roƙi mai kira ya duba sunan ba tare da harafin farko ba, ya duba rubutun Faransanci, ya duba da alhamza da kuma babu ita. Sau da yawa mutum yana ciki, kanshi ne kawai anka yanke.

Ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta, wanga aiki naku ne. Wanda ke zaune Turai ko Amurka ba zai tuna da ƙ ba, don bai taɓa kiran sunan da ke da shi ba. Ku kuwa sunayen iyayenku ne. Duk ranar da anka ce ku tsabtace rubutu, kafin ku rubuta replace ku tambayi kanku me harafin nan yake ɗauke da shi, kuma na wa ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.